Hanyar Michika, da abin da na gani a littafin ma'aji

Tun cikin watan Oktoba aka gayyace ni. Baba, dattijon da ya zauna a gidanmu na Jos da iyalinsa lokacin gudun hijirar 2014, shi ne ya bugo waya, ya ce ikilisiyar ƙauyensu da ke ƙasar Michika za ta yi sujadar godiyar kaka a ƙarshen Nuwamba, kuma ba ya son jin wani uzuri. "Ɗana," in ji shi, "mun sha ruwan gidanka, dole ka zo ka sha namu." Maiɗakina ba ta so ba da farko, domin a kunnen mutumin Jos har yau in aka ce Michika, wuta da harbi yake ji. Muka sa abin a addu'a, na kuma tambayi masu bin hanyar, kowa ya ce da rana lafiya lau, amma kada in yarda dare ya riske ni a kanta.

Na isa tashar Bauchi Road da duku-duku, sanyin hunturu yana shiga har ƙashi. Shekarar 2023 ce, watanni kaɗan bayan an cire tallafin man fetur, don haka kuɗin da a da yake kai mutum Yola ya dawo da shi, yanzu da ƙyar ya isa zuwa kawai. Mota ta daɗe ba ta cika ba. Da muka cika, wata mata daga kujerar baya ta roƙi a yi addu'a, direba ya yi bismillarsa, ita ta yi tata da sunan Yesu, kowa ya ce amin, muka kama hanya.

Daga Jos zuwa Gombe ba wani abin labari, sai masar da muka tsaya muka saya a Bauchi, da zafinta, an barbaɗa mata ƙuli. Daga Gombe muka yi kudu, muka wuce Kumo, Billiri da Kaltungo, duwatsun ƙasar Tangale suna tsaye a gefe, manoma suna ta yankan dawa. A nan jiki ya fara gaya mana muna tafiya. Inda hanya ta yi kyau direba ya taka, inda ta lalace sai mu koma tafiyar hawainiya a bayan tireloli, ƙura tana shigowa ta kowace kafa. Shingaye kuwa ba a magana. Wani gungumen itace ne aka gitta, wani durom cike da yashi, wani tsofaffin tayoyi. A wasu a leƙo a ce a sauka lafiya, a wasu sai direba ya miƙa hannu ta taga kafin a ja itacen.

Yamma ta yi muka hau gadar Numan, inda kogin Gongola yake zubawa cikin Binuwai. Na roƙi na kusa da taga ya ɗan matsa in ga garin, saboda nan ne likitan nan ɗan ƙasar Denmak, Niels Brønnum, ya sauka a 1913, aikin da ya haifi ikilisiyar Lutheran ta LCCN. Na kwana a Jimeta, a masaukin baƙi na wata ikilisiya, ɗaki mai fanka da bokitin ruwa, naira dubu biyar. Zafin Yola ko a Nuwamba ba ya raga wa wanda ya fito daga Jos. Da safe na karya da kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai, kuma dole in faɗi gaskiya, wanda ake damawa a wajenmu bai kama ƙafar na Adamawa ba.

A tashar Jambutu na sami motar Mubi. Kusa da ni wani Alhaji ne mai fataucin shanu a kasuwar Mubi, mutum mai sakin fuska. Da muka wuce Girei da Song, ya ji inda zan je, sai ya buɗe nasa labarin. Ranar 29 ga Oktoba 2014 da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, har suka sauya wa garin suna zuwa Madinatul Islam, shi ma da ƙafa ya fita, ɗa ɗaya a wuya, ɗaya a hannu, suka hau duwatsu suka faɗa Kamaru. "Malam," ya ce, "ranar nan ba wanda ya tambayi wani addininsa, kowa ta kansa yake." Na riƙe wannan maganar, domin mu da muke nesa mukan manta cewa wutar ba gida ɗaya ta ci ba. Daga Gombi zuwa Hong shingayen suka canza kama. Buhunan yashi, sojoji da hular ƙarfe, a wani wurin aka sauke mu duka, kowa ya fito da katin ɗan ƙasa, muka taka muka wuce kafin mota ta biyo mu. Ba wanda ya yi gunaguni. Mutanen wannan hanyar sun san ranar da babu shingen ko ɗaya, kuma ba sa fatan ta dawo.

Na sauka a Mararrabar Mubi don in leƙa Kwarhi, hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A ranar da Mubi ta faɗi aka mamaye wannan wurin ma, shugabannin ikilisiyar da ɗaliban makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp suka watse cikin daji, ofishin ya koma Jos na ɗan lokaci. Cikin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya ne. Na zo da wannan duka a kaina, ina tsammanin zan ga kufai da fuskoki a murtuke. Abin da na tarar, ɗalibai ne da littattafai a hamata, matansu suna shanya masara a kan tabarmi, yara suna guje-guje tsakanin gidaje. Na zauna da wani saurayi ɗalibi a gindin darbejiya, na tambaye shi ko bai ji tsoron aikin fasto a yankin da aka kashe masu bishara da yawa ba. Ya ce, "Baba, ikilisiyar da zan yi wa hidima yanzu haka tana ajin makarantar Lahadi. In ban shirya ba, wa za su tarar?" Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi kama da mai neman burge ni ba.

Daga nan sai arewa, ta Uba da Bazza. A nan ne ido yake fara ganin tabon yaƙi sosai: bango da ramukan harsashi, gini ba rufi, ciyawa ta fito a tsakar ɗaki. Amma kusan kowane kango akwai sabon kwano yana ƙyalli a gefensa. Duwatsun Mandara suna hannun dama, an jera musu duwatsu hawa-hawa ana noma a kai, aikin da kakannin Kamwe, mutanen ƙasar Michika, suka fara tun ba a san mota ba. Ɗan Baba ya tarye ni a Michika da Keke Napep, muka shiga ƙauye kafin faɗuwar rana.

Irin tarbar da aka yi mini ba zan iya kwatanta ta ba. Mama, matar Baba, ta rungume ni tana kuka tana dariya, tana tambayar maiɗakina da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, aka yanka zakara. Bayan mun ci, Baba ya ba ni labarin dawowarsu. An kama Michika ranar wata Lahadi a farkon Satumba 2014, aka ƙwato ta a farkon 2015, su kuma suka dawo dab da damina. Rufi babu, rumbu toka, awaki ko ɗaya. Ya ce daren farko a waje suka kwana, da gari ya waye bai fara da ɗaki ba, gona ya nufa, domin ɗaki zai jira amma ruwan sama ba ya jiran kowa.

Ranar Lahadi da sassafe ya ja ni zuwa majami'a kafin mutane su taru, wai akwai abin da yake so in gani da idona. Tsohon ginin da aka ƙone yana nan, bangonsa baƙi ƙirin, bai wuce ƙugu ba. Sabon harsashin kuwa a wajensa aka haƙa, ya kewaye shi ta kowane gefe, ya fi shi tsawo ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba. An kai ginin har kan tagogi, rabi an rufa da kwano, rabi sararin sama. Baba ya ce da aka zauna shawara an yi gardama mai zafi. Wasu suka ce a mai da ginin yadda yake, tunda wasu sun mutu, wasu sun zauna a Yola da Abuja ba za su dawo ba, ga shi ba kuɗi. Sai wata tsohuwa daga cikin mata zumunta ta miƙe ta ce a fita waje a ƙirga yaran da ke wasa a fili, sannan a dawo a auna harsashi. Maganarta aka bi.

Ma'aji ya fito da littafin alkawari ya buɗe mini a kan benci. Babban littafi ne mai baƙin bango, gefensa ya sha hannu har ya yi laushi. An ja layi da biro, suna a hagu, alkawari a tsakiya, abin da aka cika a dama. Wani ya rubuta bulo hamsin, wani buhun siminti, wani tifar yashi da za su haɗa shi da ƙannensa, wani kuwa ba shi da komai sai ƙarfinsa, aka rubuta masa kwanakin aiki. Na ga sunan wata gwauruwa, a gabansa an rubuta mudu biyar na gyaɗa kowace kaka har a gama rufi, kuma ga alamar biya a jere, shekara bayan shekara, biro shuɗi, biro baƙi, wata shekarar fensir. Da na ci gaba da buɗawa sai na tarar an riga an ja layukan shekarun da ba su zo ba, an rubuta su a saman shafi, 2024, 2025, 2026, shafukan fari fat suna jira. Na daɗe riƙe da littafin nan.

Sujadar ta ɗauki fiye da rabin yini, ban kuwa ji tsawonta ba. Mata zumunta cikin zanensu iri ɗaya suna buga tulu da kacau-kacau, 'yan kwaya suna amsawa, aka fara shigo da baiko gida-gida ana rawa: damin dawa, buhun masara, wake, gyaɗa, kabewa, kaji a hannun yara, har da ɗan akuya da ya ƙi tafiya sai da aka ɗauke shi. Fasto ya yi wa'azi da Hausa, wani dattijo yana juyawa da harshen Kamwe. Ya karanta Irmiya sura 32, inda sojojin Babila suka kewaye Urushalima, annabin kansa yana tsare, sai ga ɗan'uwansa ya zo yana tallar gona a Anatot. Irmiya ya auna azurfa shekel 17 ya biya, aka rubuta takarda a gaban shaidu, ya sa aka ajiye ta cikin tukunyar ƙasa don ta daɗe, saboda Ubangiji ya ce za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Fasto ya ce wanda ya sayi gona a garin da ake shirin ci da yaƙi, ko dai hankalinsa ya taɓu, ko kuwa ya ji wata magana daga bakin wanda ba ya ƙarya. Na sha karanta wannan surar. Ban taɓa jin ta a tsakiyar mutanen da suka aikata ta ba sai ran nan.

A nan ne na fara auna mu da su. Mu a Jos tun 7 ga Satumba 2001 muke ɗauke da namu ciwon. Unguwanni sun rabu, akwai layin da Kirista ba ya bi da dare, akwai wanda Musulmi ba ya bi. In muka zauna hira bayan sujada, yawanci baya muke kallo: wa ya fara, wa aka kashe, gidan wa aka ƙone. Ban ce a manta ba, kuma mutanen Michika ma ba su manta ba, a cikin addu'ar ranar an ambaci waɗanda suka rasu da waɗanda ba a san inda suke ba. Bambancin shi ne abin da ya wuce ba shi ke riƙe da linzaminsu ba. Na kuma lura da wani abu game da irin begen da suke da shi. Akwai wa'azin da yake nuna wa mutum sama don ya naɗe hannu ya bar duniya ta lalace, akwai kuma wanda ya cika garuruwanmu yanzu, na bana shekararka ce, mota da gida suna hanya. Na farko yana kashe zuciya, na biyu in shekara ta ƙare ba mota sai bangaskiyar ta bi ruwa. Abin da na gani a ƙauyen nan ya fi kusa da yadda Bulus ya rufe 1 Korintiyawa 15. Bayan ya gama dogon bayani a kan tashin matattu, bai ce a zauna a jira ba, cewa ya yi a tsaya daram, a yawaita aikin Ubangiji, tunda wahalar ba ta banza ba ce. Wanda ya tabbata ƙarshen labarin yana hannun Allah, shi ne yake iya ɗaukar yashi a ka don ginin da wataƙila ba zai ga rufinsa ba. Kuma kowane kwanon yashi da ya juye, tabbacin nasa ƙaruwa yake yi.

Bayan an tashi, ana gwanjon kayan baiko a waje, Mama ta kai ni in gaisa da gwauruwar nan mai mudu biyar. Ita ce ke koyar da ƙananan yara a makarantar Lahadi. An kashe mijinta a ranar da aka shigo, aka tafi da ɗanta na fari, har yau ba labari. Na rasa abin faɗi, sai na ce Allah ya ƙara haƙuri. Ta ce, "Amin, ƙanena. Kada ka ga ina waƙa ka ce ba na kuka. Ina yi. Amma in yana da rai zan gan shi a nan, in ba shi da rai zan gan shi a can. Ta ko'ina dai akwai gani." Mama ta gaya mini daga baya cewa akwai wani gida a ƙauyen gaba da ɗansu ya bi mutanen daji, kowa ya san haka, kuma wannan matar ba ta daina gaida uwar yaron a rijiya ba. Da aka yi mata magana ta ce shari'a tana gaba, kuma ba ita ce alƙali ba. EYN ikilisiya ce da tun asalinta take koyar da zaman salama da ƙin ɗaukar fansa, na san wannan a takarda. A bakin matar nan na gane cewa koyarwar ba za ta tsaya ba in ba a gaskata akwai ranar da Allah zai daidaita kome ba. Wanda yake ganin nan ne ƙarshe, dole ya nemi hakkinsa da hannunsa.

Ran Litinin muka shiga cikin garin Michika. Kasuwa tana ci, shaguna sun buɗe, ko da yake an gaya mini bayan dawowa rashin yarda ya yi tsanani har ranar kasuwa sai da ta rabu biyu, Kirista da tasu, Musulmi da tasu. Raunin bai gama warkewa ba, kuma ba wanda ya ɓoye mini haka. Duk inda muka zauna sai sunan Rabaran Lawan Andimi ya fito, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, wato CAN, na Michika, wanda aka sace a farkon Janairun 2020 aka kashe kafin watan ya ƙare. Kusan kowa ya ga bidiyon da aka ɗauke shi yana tsare. A ciki ya ce bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, da yardar Allah zai koma wurin matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa, in kuma ba a ba shi wannan dama ba, to wataƙila nufin Allah ke nan. Ya roƙi mutanensa kada su yi kuka, kada su damu, su gode wa Allah a kan kome. Baba ya ce Lahadin da ta biyo bayan labarin mutuwarsa, majami'arsu ba ta ɗauki mutane ba, har waɗanda suka daɗe da ja da baya sun zo.

A hanyar dawowa na sauka a Gombi na shiga motar Garkida, garin Bura a bakin kogin Hawul. A nan ne ranar 17 ga Maris 1923 wasu 'yan mishan biyu daga Amurka, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujadar farko a gindin tsamiya, kuma a watan Maris na shekarar da na je ne EYN ta cika shekara 100. Shekara ɗaya da fara aikin Kulp ya binne matarsa Ruth da jaririnsu a wannan ƙasa, bai kuwa tattara ya tafi ba, ya yi kusan shekara 40 yana aiki. Garkida ma ba ta tsira ba, an kai mata hari ranar 21 ga Fabrairu 2020, aka ƙone majami'u har da ta EYN. Wani dattijo ya raka ni wurin tsamiyar, muka yi addu'a tare a tsaye, shi da Bura, ni da Hausa. Ban daɗe ba, domin direban ya ce in muna so mu kwana a Yola sai mu bar garin kafin la'asar.

Dawowar ta fi zuwan wuya, saboda Mama ta haɗa ni da rabin buhun gyaɗa da ƙullin busasshiyar yakuwa, kowace tasha sai an yi cinikin kuɗin kaya, ga taya da ta fashe mana tsakanin Cham da Kaltungo muka yi zaman jiran faci a rana. Na shiga Jos bayan magariba, sanyi ya tarye ni tun daga Tilden Fulani. Kafin in bar ƙauyen na sa ma'aji ya rubuta sunana a shafin 2024, bandir biyu na kwano. Da na gaya wa maiɗakina ta ce a mai da shi uku, ɗaya daga kuɗin adashinta. Mun aika na farko bayan Kirsimeti, sauran biyun kafin Ista, don a samu a rufe ɗaya ɓangaren kafin ruwa ya sauka.